Yadda Ake Mayar da Motar Kaya Gidan Kwana: Lissafin Wuta da Nauyi Kafin Sayen Komai

A Amurka da Turai da Ostireliya, mutane da yawa na sayen motar kaya, su cire abin da ke bayanta, su saka gado da wurin girki da firij, sannan su kama hanya. Abin ba sabo ba ne. Tun farkon shekarun 1950 kamfanin Westfalia na Jamus ke yi wa bas ɗin Volkswagen irin wannan gyara. Abin da ya sake farfaɗo da shi a wannan zamani shi ne saukar farashin sola, da batirin lithium, da intanet da ke ba mutum damar yin aikinsa daga ko'ina.

Motocin da aka fi amfani da su su ne Mercedes-Benz Sprinter da Ford Transit da Fiat Ducato, wadda ake sayarwa a Amurka da sunan Ram ProMaster. A Japan da New Zealand kuwa, Toyota HiAce ce ta yi fice, wato irin bas ɗin da ke jigilar fasinja a tashoshin Kano da Kaduna.

Hotunan da ake sakawa a Instagram sun fi nuna katako mai sheƙi da bakin teku. Amma lissafi biyu ne ke raba motar da ake jin daɗinta da wadda ke cinye kuɗi a banza: wutar da za a sha kullum, da nauyin da motar za ta iya ɗauka.

Lissafin wuta

Kowace na'ura tana da adadin wat da take ja. Idan aka ninka shi da awannin da take aiki a rana, sai a sami abin da ake kira wat-awa. Ga misalin mutum ɗaya mai aiki da kwamfuta a cikin motarsa:

Firij mai wat 45, injinsa na tashi jimillar awa 8: 360
Fankar rufi mai wat 20, awa 8: 160
Fitilun LED masu wat 10, awa 5: 50
Kwamfuta mai wat 60, awa 4: 240
Cajin wayoyi biyu: 30
Starlink Mini mai jan kusan wat 30, awa 5: 150

Jimilla 990, wato kusan wat-awa 1,000 a rana. Da wannan adadi ake zaɓen batir da sola. A wuri mai zafi adadin zai ƙaru, domin injin firij zai fi daɗewa yana aiki.

Wane batir?

Batirin tayar da mota ba na wannan aiki ba ne. An ƙera shi ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci, kuma idan aka zuƙe shi da dare, da safe mota ba za ta tashi ba. Shi ya sa ake saka batir na biyu domin kayan cikin ɗaki.

Batirin dalma da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da kusan wat-awa 1,200, amma rabin wannan kawai ake shawartar a sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Nauyinsa ya kusa kilo 30. Na lithium irin LiFePO4 mai 100Ah kuwa yana da wat-awa 1,280, ana iya shan kusan dukkansa, nauyinsa bai kai rabin na dalma ba. Ya fi tsada, kuma ba a cajinsa idan sanyi ya kai na daskarar da ruwa, abin da masu yawo a ƙasashen ƙanƙara ke kiyayewa. A misalin da ke sama, lithium ɗaya zai riƙe kwana ɗaya da ɗan ƙari. Mai son jure kwana biyu na hadari sai ya haɗa biyu.

Daga ina caji zai zo?

Farantin sola mai wat 200, a wurin da ake samun awa 5 na rana mai ƙarfi, zai ba da 1,000 a takarda. A zahiri zafi da ƙura da kwanciyarsa a shimfiɗe kan rufi sukan rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka mai buƙatar 1,000 ya fi dacewa ya saka wat 300, tare da na'urar daidaita caji irin MPPT, wadda ta fi ta PWM tatso wuta daga farantin.

Hanya ta biyu ita ce injin motar kansa. Akwai caja da ake kira DC-DC, mai ɗaukar wuta daga janaretan injin ta kai wa batir na biyu. Mai amfiya 30 tana ba da kusan wat 400, don haka tuƙin awa biyu zai mayar da kusan 800. Haɗa batirin lithium kai-tsaye da injin ba tare da ita ba na iya sa janaretan ya yi zafi har ya ƙone.

Inda haɗarin yake

Mutane kan raina wutar bolt 12 saboda ba ta jan mutum. Haɗarinta gobara ce. Butar lantarki mai wat 1,000 da aka jona ta inbata tana jan sama da amfiya 83 daga batir, kafin a ƙara asarar da inbatan ke yi. Siririyar waya ba ta iya ɗaukar wannan: za ta yi zafi, robarta ta narke a bayan katako inda ba wanda ke gani. Ƙa'idar ita ce waya mai kauri daidai da amfiyar da za ta bi ta cikinta, da fiyus a kusa da kan batir, da roba a duk ramin ƙarfen da waya ta ratsa, domin girgizar hanya na sa ƙarfe ya yanke ta a hankali.

Wannan lissafi ne kuma ke nuna dalilin da ya sa yawancin motocin ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Mai jan wat 1,000 za ta ƙarar da batirin 100Ah cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Fanka a rufi da taga a buɗe su ne mafita mai araha.

Haɗari na biyu shi ne iskar gubar da murhun gas ko hitar dizal ke fitarwa idan ƙonewar ba ta cika ba. Ba ta da wari ko launi, kuma tana kashe mai barci. Ƙararrawar da ke gano ta ba ta da tsada, bai kamata a kwana a motar da babu ita ba.

Lissafin nauyi

A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, lasisin tuƙi na gama-gari yana tsayawa ne a kan motar da iyakar nauyinta kilo 3,500 ne. Doguwar Sprinter ko Transit babu komai a cikinta takan haura kilo 2,000. Abin da ya rage shi zai ɗauki katako da batir da mutane da kaya da ruwa, kuma lita 100 ta ruwa kilo 100 ce cif. Motar da ta wuce iyakarta tana daɗewa kafin birki ya tsayar da ita, tayoyinta na saurin fashewa, direban kuma na iya fuskantar tara. Masu ƙwarewa kan kai motar sikeli kafin fara aiki, su sake kai ta bayan sun gama.

A kan hanya

Wurin kwana ma yana da doka. A Amurka, yawancin filayen gwamnatin tarayya da ke ƙarƙashin hukumar BLM ana iya yada zango a cikinsu kyauta har kwana 14. A birane da yawa kuwa an taƙaita kwana cikin mota a bakin titi. Matafiya na amfani da manhajoji irin su Park4Night da iOverlander don gano inda aka yarda a tsaya da inda ake samun ruwa.

Hanya mafi arha ta gane ainihin buƙata ita ce gwaji. Kafin a huda rufi ko a sayi batir, sai a jefa katifa da jarkar ruwa da ƙaramin batirin tafi-da-gidanka a bayan motar, a yi tafiyar kwana uku, ana rubuta abin da aka kunna da tsawon lokacin da ya yi. Wannan takarda ita za a riƙe a je kasuwa.