Abin da ya kamata ku sani: yadda tsoka take ɗinke kanta

Duk wanda ya wuni yana saran rake a fadamun Makarfi ko Kudan, ko yana dakon kwandunan tumatir a Ikara, ya san tsamin jikin da ke biyo baya. Aiki mai nauyi yana yi wa zaruruwan tsoka ƙananan yagewa da ido ba ya gani. Bayan 'yan kwanaki sai jiki ya warware, har ƙarfi ya ƙaru.

Masu wannan gyara wasu ƙwayoyin halitta ne na asali da ke kwance a gefen kowane zaren tsoka. Wani masani mai suna Alexander Mauro ne ya bayyana su a 1961 a birnin New York na Amurka, bayan ya gan su a tsokar kwaɗo. Suna kwance shiru kamar idon da ke gaɓar rake, ba sa motsi sai buƙata ta taso. Idan tsoka ta ji rauni, fararen ƙwayoyin jini ne ke fara zuwa su kwashe abin da ya mutu, kumburi da zafin kwanakin farko ke nan. Sai ƙwayoyin asalin nan su farka, su hayayyafa, su narke cikin zaren da ya yage ko su haɗu su gina sabo. Wasunsu kuma su koma barci, ajiya don wani raunin. Tsokar zuciya ba ta da irin wannan gata, tabo take yi.

Gyaran yana da iyaka. Idan nama ya tafi da yawa, kamar a hatsarin babur ko saran adda, tabo ne ke cike gurbin, tabo kuwa ba ya ɗaga kaya. Tsufa yana rage yawan ƙwayoyin da kuzarinsu. A shan inna kuma jijiyar da ke ba tsoka umarni ce ta mutu, shi ya sa ƙafa ke shanyewa.

Abin da ke damuna shi ne matashin da zai haɗiyi tiramol ya koma gona da tsoka a yage. Zafin ya ɓuya, yagewar tana ƙaruwa. Tsoka hutun 'yan kwanaki take so, sannan motsi a hankali, da barci, da abinci mai gina jiki: wake, awara, ƙwai, nono, kifi.

A yi hattara da masu tallar garin magani da sunan yana ɗauke da waɗannan ƙwayoyin asali masu gyaran tsoka. Ƙwayar da aka sha, ciki zai narkar da ita. Ko a shekarun 1990 da likitoci suka yi wa yara masu ciwon shanyewar tsoka na gado allurar ƙwayoyin kai tsaye, akasarin ƙwayoyin mutuwa suka yi cikin kwanaki. Idan yaro namiji ya fara yawan faɗuwa, ko yana dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe, yana iya zama wannan ciwon na gado ne, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a duba shi.