Dashen Lemo a Tsakar Gida: Wanda Ya Dace da Ƙasar Gwiwa

A ƙasar Japan akwai wani irin lemo da suke kira yuzu, wanda sunansa ya bazu har wasu malamai suna tambayarmu ko zai yi a gidajensu. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, amma lardin Kochi na Japan shi ne kan gaba wajen nomansa. Ba a shansa kamar lemon zaƙi, sai dai a matse ruwan, a kankare ɓawon a zuba a abinci saboda ƙanshi. To, amsarmu ita ce, wannan itacen ƙasar sanyi ne, yana jure har ƙanƙara, in kuwa daga iri aka shuka shi yakan haura shekara 10 bai yi ɗa ba. A Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, zafin bazara kuma ya kai digiri 40, wahalarsa ta fi amfaninsa.

Ɗan'uwansa da ya san rana shi ne lemon tsami, ga shi kuwa kullum ana bukatarsa a kunun gyaɗa da shayi. Abin takaici ne a ce magidanci mai rijiya a gida yana jiran lemon da aka yo lodinsa daga nesa zuwa kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, sa'an nan ya iso ƙauye a yamushe, da tsada.

Wanda ya yi niyya, lalle ya nemi dashe mai aure, gama shi kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4. Cibiyar binciken kayan lambu ta Ibadan, wadda aka kafa a 1975, tana da reshe a Bagauda, malaman gona kuma za su nuna inda ake samu. A dasa bayan ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni ko Yuli. A haƙa rami zurfin gwiwa, a cuɗa ƙasarsa da taki wanda ya ruɓe sarai, don ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Gaɓar auren ta tsaya a sama, kada a binne ta.

Ruwa shi ne babbar magana. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe danshi, saboda haka daga hunturu har faɗuwar ruwa sai an yi ta ban-ruwa. Dabarar da muka fi yabawa ita ce a binne tulu kusa da dashen, bakinsa a waje, a cika shi a rufe. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Ruwan alwala ma ya isa taimako, ban da na sabulu. Amma fa kada ruwa ya kwanta jikin gindin, in ba haka ba sai ɓawon ya ruɓe, ƙaro ya riƙa fita, itacen ya mutu a tsaye.

Awaki dai kowa ya san halinsu. Shingen ƙaya tun ranar farko. Malaman makaranta kuwa, muna roƙonsu su raba wa kowane aji gindi guda, su kuma sa wanda zai yi ban-ruwa lokacin hutu, gama a hutu ne dashen makaranta ya fi mutuwa. A koya wa yara tsince tsutsar da ke cin ganye, da cire duk tohon da ya fito a ƙarƙashin gaɓar aure, don in an bar shi zai rinjayi na sama.