Firiyon: Yadda Furotin Ɗin Jikinka Ke Iya Juyewa Ya Zama Cuta

Idan aka tambaye ka me ke haddasa cuta mai yaɗuwa, tabbas za ka lissafo bakteriya, ko bairos, ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Dukkansu baƙi ne da ke shigowa daga waje, kuma kowannensu na ɗauke da kundin gado, DNA ko RNA, wanda da shi yake hayayyafa. To amma akwai wani rukunin cututtukan ƙwaƙwalwa da mai haddasa su ba shi da wannan kundi ko kaɗan, ba shi ma da rai. Furotin ne kawai, irin wanda ke cikin kanka yanzu haka da kake karanta wannan rubutu. Ana kiran sa firiyon.

Bari mu fara da furotin ɗin kansa. Jikinka na ƙera furotin ne ta hanyar jera ƙananan sinadaran amino iri 20, kamar yadda ake jera duwatsun carbi a zare. Sai dai jerin kaɗai ba ya aiki, dole sai ya naɗe ya ɗauki wata siffa. Ka ɗauki misalin rawani: yadi ɗaya ne, amma naɗin da aka yi masa shi ke nuna ko na sarauta ne ko na malanta. Haka furotin yake, siffarsa ita ce aikinsa. Kuma siffar kan iya lalacewa. Farin ƙwai furotin ne. Da zarar ka dafa shi ya daskare, ba ya komawa ruwa har abada.

Akwai wani furotin mai suna PrP da ke zaune a bayan ƙwayoyin halittar jiki, musamman na ƙwaƙwalwa. Umarnin ƙera shi na rubuce a ƙwayar gado mai suna PRNP, a kan kuromosom na 20. Kowa na da shi, haka shanu da tumaki da raƙuma. A lafiyayyar siffarsa yana da murɗe-murɗe kamar igiya, jiki na ƙera shi, ya yi amfani da shi, ya narkar da shi ba tare da wata matsala ba. Matsalar tana farawa ne idan ya yi mummunan naɗi, murɗe-murɗen suka koma shimfiɗaɗɗun faifai masu manne wa juna. Jerin sinadaran bai canza ba, naɗin ne kawai ya canza. Wannan gurɓataccen shi ne firiyon.

Ta yaya abin da ba shi da rai zai hayayyafa? Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan gurɓataccen PrP ya haɗu da lafiyayye, sai ya manne masa ya tilasta masa ɗaukar irin naɗinsa. Sabon da ya gurɓata shi ma ya kama na gaba. A haka suke jeruwa su zama dogon zare mai tauri. Idan zaren ya yi tsawo sai ya karye, kuma kowane guntu ya ci gaba da tsiro ta bakinsa, kamar yadda ake sassara itacen rogo a dasa kowane yanki ya zama sabuwar shuka. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Ka lura, firiyon bai ƙera komai da kansa ba. Jikin mai cutar ne ke ta samar masa kayan aiki.

Wannan bayani bai karɓu da sauƙi ba. Tun ƙarni na 18 makiyayan Ingila suka san wata cutar tumaki da ke sa dabba ta yi ta goga jikinta a shinge har gashi ya zube. A 1966 da 1967, Tikvah Alper ta nuna cewa hasken da ke lalata DNA ba ya kashe abin da ke jawo wannan cuta. A 1982 Stanley Prusiner na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya ce furotin ne zalla, ya raɗa masa suna. Masana da yawa sun ƙi yarda. Hujja mai ƙarfi ta zo a 1993, lokacin da ɗakin binciken Charles Weissmann a Zurik ya yi wa ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon PrP allurar cutar, suka ƙi kamuwa. Babu lafiyayyen furotin, babu abin gurɓatawa. An ba Prusiner kyautar Nobel a 1997.

To daga ina gurɓataccen farko ke fitowa? Hanyoyi uku ne. Ta farko, kuma mafi yawa, ita ce ya faru haka kawai, ba tare da gado ko cin wani abu ba. Kusan kashi 85 cikin ɗari na masu cutar Creutzfeldt-Jakob, wadda ake taƙaitawa CJD, haka tasu take. Tana kama mutum ɗaya zuwa biyu cikin miliyan a shekara, galibi masu shekaru sittin da wani abu. Ta biyu gado ne: kuskure a ƙwayar PRNP da ke sa furotin ya yi saurin karkacewa, kuma wannan ya kai kashi 10 zuwa 15. Ta uku, wadda ba ta kai kashi ɗaya ba amma ta fi yin suna, ita ce firiyon ya shigo daga waje.

Misalin da ya fi bayyana wannan hanya ta uku shi ne cutar kuru a tsakanin al'ummar Fore ta Papuwa Niyu Gini. A al'adarsu ta da, dangi kan ci naman mamacinsu don girmamawa, mata da yara kuma su ne suka fi cin ƙwaƙwalwa, su ne kuma cutar ta fi kashewa. An daina al'adar wajen 1960, amma aka ci gaba da samun masu kamuwa har cikin shekarun 2000. Wato wasu sun ɗauki fiye da shekara 40, wataƙila ma sama da 50, da cutar a jikinsu suna harkokinsu lafiya lau. Sai kuma ciwon haukan shanu da aka gano a Birtaniya a 1986, wanda ya yaɗu saboda ana haɗa abincin shanu da garin nama da ƙashin wasu dabbobi. An tabbatar da shi a shanu sama da 180,000. A 1996 aka sanar cewa ya tsallaka zuwa mutane, kuma mutum 178 ne suka mutu a ƙasar, akasarinsu matasa. Kada ka haɗa shi da ciwon haukan kare, wannan bairos ne kuma yana da rigakafi.

Me ya sa cutar ke daɗewa haka a ɓoye? Idan an ci firiyon a abinci, ruwan ciki ba ya narkar da shi duka. Yakan ratsa bangon hanji ya sauka a sansanonin garkuwar jiki da ke wurin, daga nan ya kai kaluluwa da saifa, inda yake ta ninkuwa. Bayan haka sai ya bi jijiyoyi a hankali zuwa laka, ya haura ƙwaƙwalwa. Duk wannan tafiya sojojin jiki ba sa tare shi, domin a wurinsu ɗan gida ne. Shi ya sa babu zazzaɓi, babu wata alama da za ta sa mutum ya je asibiti.

A ƙwaƙwalwar ma ba nan take ɓarna ke bayyana ba. Binciken da ƙungiyar John Collinge ta yi a Landan kan ɓeraye, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna matakai biyu. A na farko firiyon na ninkuwa da sauri har ya kai iyaka, dabba kuma garau. A na biyu yawansa ya tsaya, amma guba ta fara aiki, kuma gwargwadon yawan PrP da dabbar ke ƙerawa, gwargwadon saurin faɗuwarta. Abin da ke fara lalacewa shi ne mahaɗan da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo. Daga nan ƙananan ramuka su cika naman, har idan an duba a madubin likita sai a gan shi kamar soso. A ƙarshe ƙwayoyin su mutu, kuma ba sa dawowa.

Alamomin sun danganta da wurin da aka fi yi wa ɓarna. A kuru, ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ce, mai kula da daidaiton tafiya, sai ka ga tangaɗi da karkarwa. A wani nau'in gado, sashen da ke tsara barci ne, mutum ya kasa runtsawa wata da watanni har rai ya yi halinsa. A CJD kuwa, mantuwa da ruɗewa ne masu saurin tsananta, da fizgar gaɓoɓi, da matsalar gani. Mafi yawan masu ita ba sa wuce shekara ɗaya daga fara alamu. Shiru na shekaru, sannan gangara ta 'yan watanni.

Ba kowa ne cutar ke samu daidai ba. A gurbi na 129 na jerin PrP, mutane sun kasu: wasu na da sinadarin metiyonin, wasu balin, wasu duka biyun. Kusan duk waɗanda ciwon shanu ya kashe sun gaji metiyonin ne daga uwa da uba. A yankin Fore ma an gano wani sauyi a gurbi na 127 da ya kare masu shi daga kuru. Bambancin dutsen carbi ɗaya tak ya isa ya hana mummunan naɗin kamawa.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne taurin kan firiyon. Tafasawa ba ta kashe shi, haka giyar goge rauni da yawancin magungunan tsabtace kayan asibiti. Shi ya sa aka taɓa samun yaɗuwarsa ta kayan tiyatar ƙwaƙwalwa, da kuma allurar sinadarin girma da ake cirowa daga gawa, wadda aka daina a 1985, daga baya kuma aka gano ta shafi mutane sama da 200. Amma fa ba ya yaɗuwa ta gaisawa, ko tari, ko jinyar mara lafiya, don haka babu dalilin gudun mai cutar.

Kada ka ɗauka labarin ƙasashen nesa ne kawai. A 2018 masu bincike suka ba da rahoton sabuwar cutar firiyon a raƙuma, a mayankar garin Wargala ta Aljeriya, inda kusan kashi 3 cikin ɗari na raƙuman da aka kawo yanka suka nuna alamu irin su rama, karkarwa da tangaɗi. Daga baya an same ta a Tunisiya. Ba a samu shaidar ta kama mutum ba. Duk da haka, ga mu da raƙuma ke ratsa Sahara zuwa kasuwanninmu, darasin Birtaniya ya ishe mu: dabbar da ke tangaɗi ko ta canza hali, likitan dabbobi za a kira mata, kada a yi saurin yankawa don gudun asara. Kuma kada a ciyar da dabbobi masu tuƙa ragowar naman 'yan uwansu.

Har yau babu maganin da ke warkar da waɗannan cututtuka. Sai dai raunin firiyon na nan a inda ƙarfinsa yake, wato dogaro da furotin ɗin mai cutar. A 2003 Giovanna Mallucci da abokan aikinta suka kashe ƙwayar gadon PrP a ƙwaƙwalwar ɓerayen da suka riga suka kamu. Ramukan farko suka rufe, ɓerayen suka rayu. A kan wannan tunani ne yanzu ake gwada magungunan da ke rage yawan PrP da jikin mutum ke ƙerawa. Akwai kuma gwajin RT-QuIC, da ke amfani da halin firiyon na gurɓata na kusa da shi don gano shi a ruwan laka tun mara lafiya na da rai. Babban aikin da ke gaban masu bincike shi ne a riƙa gano cutar a lokacin shirun nan, kafin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su fara mutuwa.