FASHIN BAƘI: Fadamun jan mefil a Amurka, mafakar namun dajin da doka ke janye wa kariya

A arewa maso gabashin Amurka, daga jihar Maine zuwa New Jersey, akwai fadamun da itatuwa suka lulluɓe, waɗanda suka fi kowane irin dausayin ruwan daɗi yawa a akasarin yankin. Itacen da ya mamaye su shi ne jan mefil, ɗan uwan itacen da ganyensa ke jikin tutar Kanada. Saiwoyinsa ba sa nitsewa can ƙasa, saboda haka yake jure wa ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta watanni.

Wanda ya ratsa irin wannan fadama a watan Agusta zai iya rantsuwa cewa kurmi ne kawai, domin a lokacin ƙasa ta tsane. Wannan ƙafewa ta ɗan lokaci ita ce sirrin amfanin wurin ga dabbobi, kuma ita ce ke neman zama sanadin rasa kariyarsa.

Yadda dabbobi ke rabon wurin

A watannin Maris da Afrilu, idan dusar ƙanƙara ta narke, ruwa kan cika ramukan da ke tsakanin tuddan saiwoyi. Da yake kududdufan kan ƙafe kafin shekara ta zagayo, kifi ba ya rayuwa a cikinsu. Kwaɗon kurmi da salamanda mai ɗigo-ɗigo, wata halitta mai siffar ƙadangare amma dangin kwaɗo, sukan yi tururuwa zuwa can cikin daren ruwan sama su zuba ƙwai inda babu kifin da zai cinye su. Shi kwaɗon kurmi yakan yi hunturu a ƙarƙashin busassun ganye, jikinsa ya daskare, zuciyarsa ta tsaya, sukarin da hantarsa ke fitarwa ya kare ƙwayoyin jikinsa har sanyi ya wuce.

A sama kuma, mataccen itace ma gida ne. Maƙwaƙƙwafi kan fafe shi, bayan ya tashi agwagwar kurmi ta gaji kogon. Kwana ɗaya da ƙyanƙyasa 'ya'yanta kan diro daga kogon zuwa ƙasa, su bi uwarsu ruwa. Mujiya da shaho kan yi sheƙa a manyan rassa suna farautar kwaɗi da ɓeraye. Barewa kan ci tohon mefil a lokacin sanyi, ƙudan zuma kuma kan sami abinci a jajayen furanninsa, waɗanda ke cikin na farko da ke buɗewa a shekara.

Sai dai fadamar ita kaɗai ba ta wadatar. Salamanda kan shafe mafi yawan rayuwarta a ramukan ƙasa cikin dajin tudu da ke kewaye, wani lokaci fiye da mita 100 daga ruwa. Idan aka bar kududdufi aka share dajin, ko aka ratsa titi a tsakaninsu, an katse mata hanyar haihuwa.

Inda siyasa ta shigo

Ƙiyasin hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ya nuna cewa tsakanin shekarun 1780 da 1980 jihohi 48 na ƙasar sun rasa fiye da rabin dausayinsu, akasari saboda noma da gine-gine. Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972 ta wajabta neman izini kafin a cike dausayi. Amma a ranar 25 ga Mayu, 2023, a shari'ar Sackett, Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta shafi dausayin da ruwansa ke haɗe, a sarari kuma ba yankewa, da kogi ko tafki ne kaɗai. Fadamar da ke ƙafewa a watan Yuli, ko wadda ke keɓe a tsakiyar daji, na iya faɗawa wajen wannan ma'ana.

Yanzu nauyin ya koma kan jihohi. Massachusetts na da dokar kare dausayi tun 1972, New Jersey kuma tun 1987, amma jihohi da dama sun dogara ne kacokan a kan dokar tarayya. Makomar kwaɗo guda ta danganta ke nan da ɓangaren iyakar da kududdufinsa yake.

Tarihi ya nuna cewa jama'a na da ta cewa. A 1959 hukumar tashoshin jiragen New York ta shirya gina katafaren filin jirgin sama a kan Great Swamp da ke New Jersey, fadamar da jan mefil ya cika. Mazauna yankin suka tara fiye da dala miliyan 1, suka sayi kusan eka 3,000, suka miƙa wa gwamnatin tarayya domin ta zama mafakar namun daji. A 1968 majalisar dokoki ta ayyana wani ɓangarenta a matsayin dajin da ba a taɓawa. A yau an ƙidaya fiye da nau'in tsuntsaye 200 a wurin da aka so jirage su riƙa sauka.