Motar Tsere Ta Hannu: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin A Taɓa Kuɗinta

 Yau zancen mota za mu yi. Na san wata za ta ce, "To ni da ko zaure ba na leƙawa sai da dalili, ina ruwana da mota?" Ki ɗan saurara, 'yar uwa. Ranar da ɗanki zai shigo ɗaki ya durƙusa, ya miƙo miki waya ya ce, "Umma, dubi wannan motar, mai ita kuɗi yake nema ido rufe, saura kaɗan nawa su cika," to ranar nan magana ta zo kanki. Cikon nan daga kwasar adashinki zai fito, ko 'yan kunnenki na gwal, ko tumakin da kika shekara kina kiwo. In kuwa maigida ne ya ƙyalla ido ya gano ta, tukunyar gida ce za ta fara jin nauyin motar.

Motar da muke magana a kai ita ce wadda samari ke kira motar tsere. Za ki ji an ce gajeriya ce, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, ƙofa biyu gare ta, in ta wuce ƙofar gida sai ƙararta ta tada yaro daga barci. Sunayen da za ki riƙa ji a bakinsu su ne irin su BMW M3, Mercedes AMG, Ford Mustang, Nissan 350Z da Porsche. Ɗauki M3 ɗin da aka ƙera tsakanin 2000 da 2006. Injinta mai fulogi shida ne, ƙarfinsa ya kai na doki 343, alhali Toyota Corolla ta yau da kullum ta wancan zamanin ba ta wuce doki 130 da 'yan kai ba. Tana iya gudun kilomita 250 a awa ɗaya. Ki riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

To me ya sa motar da attajirin Turai ya saya da tsada take zuwa hannun mai ƙaramin ƙarfi da araha? Ga yadda abin yake tafiya. Mai ita na farko yana da hali, yana kai ta gyara kan lokaci. Na biyu saurayi ne mai son gudu, ya more ta son ransa. Na uku ya saya da kuɗinsa kaf, gyara ya gagare shi, sai ya riƙa ɗagawa, yau gobe, har ya ga babban gyara na tafe, ya sa ta a kasuwa. Kuɗin motar ne ke faɗuwa shekara bayan shekara, amma kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake tun tana sabuwa. Kamar ingarman doki ne. Ana iya samunsa da sauƙi wurin wanda dawa da harawa suka gagara, amma dokin ba zai rage ci ba don an saye shi da araha. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Bari mu bi cimar wannan doki ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, fetur. Babbar motar tsere mai fulogi takwas, irin Mercedes C63, tana shan kusan lita 20 a tafiyar kilomita 100 cikin gari, inda Corolla za ta sha kamar lita 9. Ke da kike lissafin mudu da kwano, ga lissafi mai sauƙi. A ce yana zirga-zirgar kilomita 30 kullum, kin ga a wata ya yi kilomita 900. Motar tsere ta sha lita 180, Corolla ta sha 81. Bambancin ya kusa lita 100. In muka ɗauka lita naira dubu ce, dubu ɗari ke nan duk wata ta bi iska ta salansa. Kuma kin san tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce dubu a wurare da yawa. Akwai kuma maganar ingancin man. A Turai fetur aji-aji ne, akwai mai lamba 95, akwai mai 98, kuma waɗannan motoci na saman suke so. A gidajen manmu iri ɗaya ne, ba zaɓi. Injin zai sha, amma ƙarfinsa zai ragu, ga wahalar da yake sha a zafin bazara.

Na biyu, baƙin mai da kayan gyara. Ba kowane baƙin mai ake zuba musu ba. M3 ɗin da na ambata, misali, nata na musamman ne mai lamba 10W-60, in aka yi mata ƙwauro aka zuba na bakin titi, injin ne zai biya. Kayan gyaran Corolla ko Golf, yaro ma za a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya sayo. Na motar tsere sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas, in babu a can a yi oda daga waje da dala. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Yayin da ake jiran kaya, mota na kwance a gareji tana shan ƙura, mai ita ya koma hawan a-daidaita-sahu.

Na uku, taya da titi. Tayarsu faffaɗa ce marar kauri, kuma a yawancinsu ta baya ta fi ta gaba faɗi, don haka ba a musanya su a ci moriyarsu kamar na sauran motoci. Robar mai laushi ce don ta kama kwalta, shi ya sa take saurin cinyewa. Rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wili. Tsakanin cikin motar da ƙasa kuwa bai fi faɗin tafin hannu da ɗan ɗoriya ba. Ki tuna lungunku da damina, ki tuna tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Kowanne sai ya kankare cikinta.

Na huɗu, makaniki. Waɗannan motoci cike suke da kwamfuta, ba a gane ciwonsu da kunne kawai. Porsche Boxster injinta a tsakiya yake, bayan kujeru, kai hannu wurinsa ma aiki ne. Mazda RX-8 kuwa injinta daban yake da na kowa, juyawa yake yi, kuma haka aka ƙera shi yana ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan. Makanikin da bai saba ba a kanta zai koyi aiki, kuma da kuɗinku.

Yanzu a ce duk ya ji wannan ya ce shi dai yana so. To, ga tambayoyin da za ki yi daga inda kike zaune, ba sai kin taka kasuwar motoci ba.

Tambaya ta farko: wa ya gan ta da idonsa? Hoton waya ba ya nuna ciwon mota, kuma ba a cinikin biri a sama. A je da makanikin da ku kuka zaɓa, kuka biya shi ladansa, ba wanda dillali ya kawo ba, don dillali la'adarsa yake jira. A je da sassafe kafin a tada injin, saboda injin da ya yi zafi yana ɓoye aibinsa. A dubi hayaƙi: shuɗi alamar injin na cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa na shiga injin, baƙi kuma fetur ne ke ƙonewa fiye da kima. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu kamar madara a jikinsa, a yi hattara. A jona mata na'urar kwamfuta, sannan a tuƙa ta tafiya mai ɗan nisa a ga ko za ta tafasa, a ji yadda giya ke shiga.

Tambaya ta biyu: mene ne tarihinta? Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. In daga Amurka ta fito, ana sa lambar a intanet a biya kuɗi kaɗan, a ga ko ta taɓa yin mummunan haɗari, da yawan tafiyar da ta yi, don ana mayar da mitar baya. Yawancin masu arahar nan motoci ne da kamfanonin inshora na can suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma irin waɗannan kan bazu ƙasashe. Motar da ta sha ruwa wayoyinta ruɓewa suke yi a hankali. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba laka, a leƙa ƙarƙashin kujera a duba tsatsa, a shinshina warin danshi. A tambaya ko jakar iskar da ke tare direba in an yi karo tana nan, don wasu in ta fashe rufe gurbin kawai suke yi. A taya kuma akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta bai goge ba, a sa kuɗin sabuwa cikin lissafi.

Tambaya ta uku: takardu. Shin an biya kuɗin kwastan? A je ofishinsu a tabbatar, don takardun jabu sun yi yawa, kuma motar da ba a biya wa ba ana iya ƙwace ta a hanya ko bayan shekaru. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka 'yar Kwatano sai an ƙara sa ido a takardunta. Lambar da ke takarda ta zo daidai da ta jikin mota. A rubuta takardar ciniki da shaidu. In sitiyarinta a dama yake, ko an ce an mayar da shi hagu, a bar ta. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, kuma aikin sauya sitiyari in bai yi kyau ba rai yake ci. Ki kuma sani, inshorar dole da aka mayar naira 15,000 a farkon 2023 ɓarnar da aka yi wa wani take biya. In motarku ce ta ragargaje, ko kwabo ba za a ba ku ba.

Tambaya ta huɗu: bayan an biya, nawa ya rage? Shawarata ita ce, in kuɗin hannu kashi uku ne, kada motar ta ci fiye da biyu. Kashi ɗaya a ajiye don taya, birki, batir, baƙin mai da abin da zai ɓullo a watannin farko, don sai ya ɓullo. Wanda sai an yi masa ciko kafin ya iya saye, to riƙon motar ma sai an yi masa ciko, kuma ƙofarki zai sake ƙwanƙwasawa.

Akwai hanyar tsakiya da za ki iya nuna masa. In ƙarfi yake so, akwai motoci masu ƙofa huɗu da ke da shi, kuma kayansu na samuwa. Infiniti G35 injinta ɗaya da Nissan 350Z, dangin injin da ke cikin Murano da Maxima, waɗanda makanikanmu suka sani. Lexus IS 'yar gidan Toyota ce. Akwai Golf GTI, akwai Honda Accord da Camry masu fulogi shida. Kuma a guji wadda wani ya riga ya yi wa ƙare-ƙare don ƙara mata gudu ko ƙara, alama ce ta sha wuya. Ki tambaye shi cikin raha: "Motar nan mai kujera biyu, ranar da naƙuda ta tashi da tsakar dare, ina mai rakiya za ta zauna? Ranar biki ina yara?"

Mu koma kan lambar nan 250. Dokar hanya a Nijeriya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Ragowar gudun a ina za a yi shi? Ga abin da ya kamata kowace uwa ta sani: in aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Yawancin motocin nan kuma tayoyin baya ne ke tura su, in aka taka mai da ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi sai bayansu ya juya. Mun sha jin yadda wasan mota a wajen ɗaukar amarya ya mayar da gidan biki gidan makoki. Kuɗi in sun tafi ana iya mayarwa, ɗa kuwa ba a mayar da shi.

Daga ƙarshe, 'yar uwa, dukiyarki taki ce. In kin ga dama kin bayar, to a fayyace tun farko: kyauta ce, rance ne, ko kina da kaso a motar? In rance ne a rubuta, a sa ranar biya, a samu shaidu, wannan ba rashin yarda ba ne, maganin ɓacin rai ne gobe. In maigida ne, ki nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan ya ci abinci, ki ce, "Maigida, Allah ya sanya alheri, amma don Allah mu ɗan yi lissafin man wata da kuɗin makarantar yara tukuna." In ɗanki ne, ki sa shi ya kawo miki farashin taya huɗu da na juyen baƙin mai a rubuce kafin ki buɗe akwati. Sau da yawa takardar nan kaɗai ta isa ta sanyaya masa jiki. In kuma ya ga lissafin ya ce zai iya da aljihunsa, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ke dai kin fita haƙƙinsa.

A nan za mu dakata.