AMSOSHIN TAKARDUNKU: Ina ake sa "a", ina ake sa "an" a Turanci?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, ya aiko mana da takarda. Ya ce ya rubuta wasiƙar neman rance da Turanci a madadin ƙungiyarsu, ya sa "an union", sai ɗansa da ke sakandare ya ce kuskure ne, kada a kai ta banki haka. Shi kuwa abin da aka koya masa shi ne, duk kalmar da ta fara da a, e, i, o ko u, "an" ake sa mata. Yana so mu raba gardama.

To Alhaji, sai haƙuri, a wannan karon yaro ya fi ka gaskiya. Dokar da aka koya maka tana nan, amma ba a ƙarasa maka ita ba. Ba harafin da ke kan takarda ake dubawa ba, sautin da ya fara fita daga baki ake saurare. In kalma ta fara da sautin wasali, sai a sa "an", kamar "an egg", wato ƙwai, ko "an onion", albasa. In da sautin baƙi ta fara, sai a sa "a", kamar "a goat", akuya.

Yanzu faɗi kalmar taka da ƙarfi. Ai ko a tasha "yuniyan" muke cewa, ko ba haka ba? Da "y" ta fara a baki, shi kuwa baƙi ne. Saboda haka "a union" ne daidai, haka nan "a uniform" da "a university". Amma lema "an umbrella" ce, don ita da wasali ta fara.

Akwai kuma masu yin akasin haka. Kalmar "hour" da h ake rubuta ta, amma Bature ba ya furta shi. Shaida ma tana bakinmu, domin daga nan muka aro "awa". Sai a ce "an hour", a ce "an honest man", mutum mai gaskiya. Doki kuwa "a horse" ne, don ana jin h ɗinsa sarai. Manoma ku lura da takin NPK: sunan harafin farko "en" ne, shi ya sa ake rubuta "an NPK bag".

Me ya kawo wannan? Sauƙin furuci ne kawai. Mu ma muna rubuta "gidan Bala" amma baki ya ce "gidam Bala". Asalin kalmar a tsohon Turanci "an" ce, ma'anarta ɗaya, daga baya n ɗin ya faɗi a gaban baƙi. Tun da ma'anarta ɗaya ce, ba a sa ta gaban jam'i, ko abin da ba a ƙirgawa sai dai a auna. Ba a cewa "a rice" ko "a maize", sai "a bag of maize", buhun masara.

Don haka Alhaji, a goge n ɗin nan kafin a kai wasiƙar. Yaro kuma a saya masa tsire. Allah ya sa a dace da rancen.