Ma'ajiyar Aro a Intanet: Ina Ɗalibin Dutse Zai Adana Abin da Ya Karanta?

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke haɗa kundin kammala digiri yakan tara adireshin shafuka rututu, amma sau da yawa ma'ajiyarsa ba ta wuce zauren WhatsApp na 'yan ajinsu ba. A jefa maƙala, sanarwar ɗaurin aure da gaisuwar Juma'a su biyo baya, kafin mako biyu ta nutse.

Don maganin irin wannan aka ƙirƙiro dandalin adana shafuka. Delicious, wanda Joshua Schachter ya kafa a 2003, shi ya yi fice wajen liƙa wa kowane shafi lakabi, kuma kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ya adana. Mai bincike kan noman riɗi, alal misali, lakabin kawai zai bi ya tarar da abin da wasu suka riga suka tace. A wancan lokacin ba a biyan ko sisi. Yahoo ya sayi Delicious a 2005, ya sayar a 2011, ya yi ta sauya hannu har Pinboard, wanda tun asali kuɗi yake karɓa, ya mallake shi a 2017 ya dakatar da sabuwar ajiya.

Daga nan wasu suka yanke cewa mai biya shi ke da bakin magana. Ban gamsu ba. Pocket, wani dandalin adana shafuka, a da yana da sashen kyauta da na kuɗi, amma da Mozilla ya rufe shi a Yulin 2025, duka aka sallama. Ga shi irin waɗannan dandali da dala ake biyansu, kuma tun faɗuwar naira a 2023 ɗalibin da ke lissafin kuɗin data ba ya ma kallon wajen.

Abin tambaya shi ne: ran da aka rufe, za ka iya kwashe kayanka? A nan Zotero, manhajar tara madogara, wanda ya fito daga Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, ya ɗara sauran. Cikin kwamfutarka yake ajiya, ko babu intanet za ka buɗe. Yana kuma ba da megabait 300 na ajiya a intanet kyauta, kana ana iya buɗe zaure inda malami da ɗalibansa za su tara madogara wuri guda. Fayilolin zauren kuwa daga kason mai zauren ake cire su. Ke nan sashe guda a jami'a na iya biya wa asusu ɗaya, ɗaliban kowace shekara su riƙa ɗorawa a kan abin da na gabansu suka tara.